An Hana Ajin Zana, To Ina Ajin da Aka Gina wa Ƴaƴan Damargu?

Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata lakwal da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, ta cinye azuzuwan zana, yara aƙalla 20 suka ƙone, mafi yawansu ƴan jardan waɗanda ko gudu ba su iya ba. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara, aka sake yin irinta a Maraɗi: yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar zuwa shida. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Nan take majalisar ministoci ta zauna, ta haramta sanya ƴan jardan a ajin zana a duk faɗin Nijar.

Haramcin daidai ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin yadda busasshen kara ke kama wuta da iskar hunturu da zai ce a bar ɗan shekara huɗu a ƙarƙashinsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya, ko in ce abin da bai biyo baya ba. Gwamnati da bakinta ta ce a lokacin akwai azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar. Garin da ajin ƙananan yaransa rumfar kara ce, ka hana shi rumfar ba ka kawo masa bulo ko ɗaya ba, hanya biyu ka bar masa: ko ya karya doka ya ci gaba da kasada da rayukan ƴaƴansa, ko ya sallami yaran su koma gida. Hukuma ta wanke hannunta ke nan. In wuta ta sake tashi, a ce ai mun hana. In ba ta tashi ba, ba mai zuwa ya tambayi inda yaran suka shiga.

Daga Belbeji nake wannan magana, kuma ina so mai karatu ya san wurin kafin ya yanke mini hukunci. Muna ƙasar Damargu, yamma da Tanut, ta wajen Dakoro, a bakin iyakar noma da kiwo. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta, da ƙaramar hukuma guda ɗaya tak a cikinta, wato Tarka. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 96,000 a nan, Tanut kuma sama da 400,000. A Nijar, cikin kowane mutum biyar ɗaya bai kai shekara biyar ba. Ko da tsohon lissafin 2012 aka tsaya, maganar yara kusan dubu ashirin ake yi a Tarka kaɗai, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Hausawa ne, Buzaye ne, Fulani ne, warwatse a ƙauyuka da rugage da zangon makiyaya, wasu tafiyar yini tsakaninsu da gari mai likita. Waɗannan yaran nake tambaya a kansu: wane tanadi hukumar ƙasarsu ta yi musu tsakanin ranar yaye da ranar shiga aji ɗaya?

A takarda an yi musu komai. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa, LOSEN, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta sanya karatun ƴan shekara uku zuwa biyar cikin ilimin tushe. Aka yi shirin ilimi na shekara goma, PDDE, daga 2003, aka bi shi da PSEF na 2014 zuwa 2024, kowanne da babinsa na ƙananan yara, kowanne da taron ƙaddamarwa a Yamai. A 2015 Nijar ta sa hannu tare da sauran ƙasashen duniya a kan muradun ci gaba mai ɗorewa, inda aka ɗauki alkawarin cewa kafin 2030 kowane yaro, mace da namiji, zai samu kulawa da karatun share fage. Yau fiye da shekara ashirin da biyar da dokar 1998, da ƙyar ake samun yaro ɗaya cikin goma da ke shiga jardan a ƙasar nan. Shi ma ɗayan nan, ka neme shi a Yamai da Damagaram da Maraɗi, a gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai iya biyan makarantar kuɗi. Jaririn da aka haifa ranar da aka sa hannu a dokar, yau shi uba ne, kuma ɗansa ma bai ga abin da aka yi wa uban alkawari ba. Gwamnatocin farar hula sun zo sun wuce, na soja sun zo, duk kanwar ja ce a kan wannan batu, don haka kada wani ya ɗauka jam'iyya nake yi wa aiki.

To tunda hukuma ba ta riƙe su, wa ke riƙe da su? Ku zo da damina ku gani. Uwa ta fita tun asuba, ta yi aikin gandu, ta wuce gamanarta, na goye a bayanta cikin rana. Wanda aka yaye kuwa, ɗan shekara biyu ko uku, an bar shi a gida wajen yayarsa. Yayar nan shekararta bakwai ko takwas. Ita za ta dama masa fura in akwai, ita za ta hana shi zuwa bakin rijiya, ita za ta goya shi har ƙugunta ya karkace. Da rani maza sun tafi cin rani, wasu Agadas, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Kano, aikin gida duka ya dawo kan mata, ga rijiyoyin Damargu da zurfinsu ya zama abin kwatance, jan ruwa kaɗai ya cinye rabin yini. Nan ma yarinyar ce mai reno. Wannan ita ce ainihin siyasar kula da ƙananan yara da ke aiki a ƙauyukanmu: yaro na renon yaro.

Ku dubi abin da hakan ke jawowa. A Disamba 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴaƴa mata har su kai shekara 16. An yi ta shela a rediyo, an tara sarakuna da malamai, an ce iyaye ne ba sa son boko. Amma yarinyar da aka ce ta zauna a lakwal, wa zai karɓar mata ƙanenta? Uwar da ta cire ɗiyarta daga aji ba ƙiyayyar karatu ce ta sa ta ba, lissafi ta yi: in ta bar gona ba abinci, in ta bar yaro shi kaɗai yana iya faɗawa wuta ko rijiya. Duk wanda ya ce yana son ƴaƴa mata su yi karatu amma bai tanadi inda za a ajiye ƙannensu ba, bai fahimci gidan talaka ba, ko kuma ya fahimta ya kau da kai. Ɗaki guda na ƙananan yara a gefen lakwal yara biyu yake ceta lokaci ɗaya, ƙaramin da yayarsa. Abin nan ba ya bukatar wani dogon bincike, kowace uwa a Tarka za ta faɗa maka shi a tsaye.

Sai maganar ciki. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa mafi yawan ginin ƙwaƙwalwar ɗan Adam yana kammaluwa kafin ya cika shekara biyar, kuma abin da yunwa ta ɓata a kwana dubu na farko da wuya ya gyaru. Binciken abinci da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ke yi yana nuna kusan rabin yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma jihar Damagaram kullum tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Wannan a ƙasar da aka san Damargu da sunan rumbun hatsi! Mun ga yunwar 2005, ba labari aka ba mu ba. Mun ga layin mata a ƙofar gidajen tamowa, ana ɗaura wa yara ma'auni a dantse. Bayan wannan masifa, a 2006, aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, kuma shawara ce mai kyau wadda ta ceci rayuka. Amma shekara da shekaru hukuma na jinkirin biyan gidajen likita kuɗin da suka kashe, har bashin ya taru, kantin magani ya bushe, uwa ta zo da yaro mai zazzaɓi a rubuta mata takarda a ce ta je ta saya. Salon dai guda ne da na ajin zana: a yi shela mai daɗin ji a Yamai, a bar wa na ƙasa nauyin cika ta.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: babu kuɗi, ƙasa na cikin yaƙi, tsaro ne a gaba. Ban raina maganar tsaro ba, ƴaƴanmu ne ke mutuwa a Tilaberi da Diffa. Amma kada a gaya wa mutumin Damargu babu kuɗi. Matatar man SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamba 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, a cikin gundumar Tanut take zaune, a ƙasar Olelewa. Tankokin mai a kan idonmu suke wucewa dare da rana. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem har bakin teku a Benin, an fara fitar da ɗanyen mai a 2024. Ƙasar da ta iya haɗa wannan aiki ba za ta ce ɗaki mai taga biyu da ƙofa biyu ya gagare ta ba. Kuɗi akwai, zaɓi ake yi, kuma ɗan shekara huɗu ba ya zanga-zanga, ba ya yajin aiki, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, shi ya sa kullum shi ne na ƙarshe a layi.

Ƙasashen yankinmu ma ba attajirai ba ne. Senegal ta fara gina ɗakunan ƙananan yara a ƙauyuka tun farkon shekarun 2000, zamanin Abdoulaye Wade. Ghana ta mai da shekara biyu na share fage wani ɓangare na karatun dole kuma kyauta. Suna da nasu matsaloli, amma sun yarda cewa wannan aikin hukuma ne.

Mu kuwa me aka ce mana? Aka ce al'umma ta ɗauki nauyi. Aka kawo tsarin jardan na al'umma da taimakon UNICEF da ƙungiyoyi: gari ya ba da fili, gari ya kafa rumfa, gari ya zaɓi mace mai kula da yara, gari ya biya ta. Na ga yadda irin wannan ke ƙarewa a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba. Wata baiwar Allah mai haƙuri, wadda ta yi ƴan shekaru a lakwal, ta karɓi aikin. Shekarar farko ana kawo tabarmi da allo da ƴan kayan wasa, iyaye na haɗa mata tiyar hatsi. Da aikin masu tallafi ya ƙare, damina kuma ta zo da gardama, tiyar ta tsaya. Ta yi watanni tana zuwa ba ko dala, daga baya ta koma sana'ar ƙuli-ƙuli, domin ita ma tana da bakin ciyarwa. Ba wanda ya isa ya zarge ta. Abin tambaya shi ne, don me malamin jami'a albashinsa na kan hukuma, na sakandare na kan hukuma, amma mai riƙe da yaro a shekarun da suka fi kowane lokaci muhimmanci a rayuwarsa aka ce talakan da bai ƙoshi ba shi zai biya ta? Ɗan birni ya samu jardan na gwamnati da malama mai albashi, ɗan ƙauye a ce masa ya yi taimakon kai da kai. Wannan zalunci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Wasu dattawanmu za su ce, ai muna da makarantar allo, me za a yi da jardan? Ina girmama wannan magana, ni ma a gaban alaramma na fara riƙe allo. Hasali ma makarantar allo ita ce hujjata a kan masu cewa mutanen karkara ba sa sakin ƙananan ƴaƴansu: ga su nan suna sakin su tun suna shekara huɗu, safe da yamma, ba wanda ya tilasta musu, saboda sun yarda da wurin kuma sun san mai wurin. Abin da makarantar allo ba ta da shi shi ne kunun safe, da ruwa mai tsabta, da mai duba ko yaro ya yi rigakafi, da inuwar da ba ta cin wuta. Hukuma mai hankali da ta zauna da malaman nan ta ce ku riƙe karatunku, mu kawo abinci da awo da ƙidaya da wasa. Ba a yi ba, saboda masu tsara mana ilimi sun fi sanin abin da ake yi a Faransa a kan abin da ake yi a zauren garinsu.

Kuma wannan ya kawo ni kan harshe. Yaron Belbeji yana tashi da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci. Ranar da ya cika shida ko bakwai a kai shi aji ɗaya, bai taɓa riƙe alli ba, bai taɓa ganin littafi a gidansu ba, mushe ya tsaya a gabansa yana magana da Faransanci. Ɗan ma'aikacin da ya yi shekara biyu a jardan ya riga ya yi masa nisa tun ranar farko, kuma tazarar nan ba ta rufuwa. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin iya karatu yadda ya kamata ba. Shekara shida a aji, a fito ba a iya karanta wasiƙa ba! Sai a ɗora laifin a kan malamai ƴan kwantaragi, a manta cewa ginin tun daga tushe aka bar shi ba komai. Abin takaici, a nan jiharmu, a birnin Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973. Fiye da shekara hamsin ana kiran abu gwaji. Yanzu kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa. Madalla. In da gaske ake, wurin da za a fara ganin haka shi ne ɗakin ƴan shekara huɗu, da tatsuniya da waƙa da ƙidaya cikin harshen da uwa ta yi wa yaro rarrashi, Bahaushe da Hausa, Buzu da Tamajak, Bafulatani da Fulatanci.

Ba zan ƙyale mu ƴan bokon Damargu ba, domin da mu ake wannan shiru. Da yawanmu lakwal ɗin ƙauye ce ta fitar da mu, wasu da abincin kantin makarantun makiyaya suka girma. Yau mun zauna a Damagaram da Yamai, mun sa namu ƴaƴan a jardan na kuɗi masu fanka da lilo, in mun zo gida sallah mu raba jika-jika mu koma. In ana rabon muƙami kowa ya san hanyar ofishin minista. Wa ya taɓa bin wannan hanya saboda ɗakin ƙananan yaran garinsu? Ɗan ƙanwarka da ke yawo ba wando a bakin rijiya, jininka ne kamar wanda kake kaiwa makaranta a mota.

Abin da nake nema ba gidan sama ba ne. Duk garin da ke da lakwal a Tarka, da Gangara, da Falanko, da Tenhiya, da Olelewa, da Tanut, a gina ɗaki guda na ƙananan yara a gefenta. In siminti ya yi tsada, a yi na laka. Maginanmu sun iya soro tun kaka da kakanni, kuma an daɗe da horar da magina a ƙasar nan kan gini marar katako, mai sanyi da bazara, wanda wuta ba ta ci. A ɗauki mace ƴar garin, a horar da ita a makarantar horon malamai ta Damagaram, hukuma ta biya ta kowane wata, ba tiyar jinƙai ba. A dama kunu sau ɗaya a rana da hatsin da aka saya a hannun manoman wurin. Ma'aikacin likita ya riƙa leƙowa yana awo, yana duba katin rigakafi, yana ba da maganin rigakafin zazzaɓin damina a wuri guda maimakon bin gida-gida. Ƴaƴan makiyaya kuma a bi su inda suke taruwa, bakin rijiyoyi da mashaya, a lokacin da suke zaune. Ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu suna nan, a ba su ikon sa ido, za su yi fiye da kowane mai duba makarantu da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Tun 2016 aka ce an miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar jardan da firamare, amma ragama ba kuɗi wahala ce kawai aka miƙa. Tun Afrilu 2024 kuma an rushe zaɓaɓɓun majalisu, an naɗa wakilan gudanarwa. Ke nan yau ba wanda zai fake da cewa ƴan adawa sun hana shi aiki, daga Tarka har fadar shugaban ƙasa umarni guda ne. Wanda ya riƙe iko duka, alhaki duka na wuyansa.

Saboda haka ina kira ga ministan ilimi, da gwamnan Damagaram, da kantomomin Tanut da Belbeji, da mai riƙon ƙaramar hukumar Tarka: ku fito ku gaya wa jama'a, da Hausa, a gidan rediyo, ajin ƙananan yara nawa aka gina da bulo ko laka a gundumomin nan biyu tun daga Nuwamba 2021, a wane gari da wane gari, mata nawa ke kula da su, kuma wa ke biyan su. Ku faɗi nawa za ku gina kafin buɗe makarantu na Oktoba mai zuwa, ku rubuta shi cikin kasafi inda kowa zai gani. Ku kuma iyaye, musamman mata, duk ranar da wani babba ya zo garinku da jerin motoci, kada ku tsaya ga guɗa da ruwan maraba. Ku kawo yaran gabansa, ku tambaye shi inda ajinsu yake.